Sarƙar da Ta Ƙi Rufuwa

"Wata nawa rabonki da al'ada?"

Habsa ta sunkuyar da kai. Inna Indo ce ke tambaya, uwar Alkasum maƙerin azurfa, wanda saura sati uku ya aure ta.

"Huɗu, Inna... amma wallahi..."

"Rufe min baki! Ana fari, kowa ƙashi da rai, ke kaɗai ke ƙiba a Agadas?"

Aikin Balki ne, ƙawar da ta daɗe tana haɗiyar miyau a kan Alkasum. A layin rabon hatsi, gaban sojoji, ta yayata cewa ciki ne. Habsa ta daure wa surutun gari, shirun Alkasum ne ya cinye ta. Kwana tara bai leƙo ba.

Ran na goma ya zo da sarƙar aurensu, yana kauce wa idonta. Ya zagaya mata ita a wuya, ta ƙi rufuwa. Ya ciro zaren da ya auna ta da shi ranar baiko, yatsa biyu suka rage.

"Ciki ba ya kumbura wuya," ya faɗa. "Tashi mu tafi likita!"

Lokotoro, wato likitar, ta ɗebi jini, ta yi mata ekogarafi, hoton ciki.

"Babu ciki, madamazel. Maƙoƙo ne, ga kuma ƙananan ƙulle-ƙulle a ƙwan haihuwarki. Sau da yawa tare suke zuwa, su tsayar da al'ada, su kawo ƙiba. Akwai magani, sai dai haihuwa na iya jinkiri."

Inna Indo ta ji, ko haƙuri ba ta bayar ba. "To, juya zai kawo min ke nan."

Wannan karon Alkasum ya tsaya kai da fata. Ya ƙara wa sarƙar zobba uku, ya dawo da hantsi, ya miƙa mata ita.

"Habsata, hasken idona... ko ba ɗa, ke nake so."

Tana son sa, son da ke hana ta cin abinci. Shi ya sa tambayar ta yi mata nauyi.

"Da sarƙar ta rufu ranar nan fa?"

Ya sake kauce wa idonta.

Ta damƙa masa sarƙar a tafin hannu, hawaye na zuba.

"Sau nawa na rantse, Alkasum? Zare ka yarda da shi, ba ni ba."