Ɗacin Cukun Auta

Auta ta soka siririn ƙarfen a cikin dunƙulen cukun, ta murɗa, ta zaro ɗan sili, ta kai baki.

Da farko gishiri ta ji, sai wani maiƙo mai daɗi. Har ta fara sauke ajiyar zuciya, sai ga shi can a gindin harshe...

Ɗaci.

Ta kurkure baki, ta koma kan wani dunƙulen. Shi ma haka. Ta bi kantar nan kaf, babu ko ɗaya da ya ji tausayinta. Gobe da safe kuma masu ɗanɗano za su zauna su yanke wa cukun hukunci.

Binciken digirinta na biyu ke nan gaba ɗaya. Idan cuku yana nuna, furotin ɗin madarar da ke cikinsa yana kakkaryewa gutsi-gutsi, wasu gutsattsarin kuwa ɗaci gare su. Auta ta zaɓo wasu ƙwayoyin halitta masu ƙarasa narkar da masu ɗacin, ta zuba su a madararta. Aikin na tafiya daidai, sai dai yana son lokaci, ita kuma lokacin ne ba ta da haƙurinsa.

Abba ne sanadi. Tun ranar da aka kai masa maganar wani yana son autarsa ya haɗe rai, ya ce babu zancen aure sai ta gama, kuma idan karatun ya sami tangarɗa to ya san wanda ya ɗauke mata hankali, kada a sake kawo masa sunansa. Abba kuwa idan ya faɗi magana ko Mama ba ta iya tanƙwara shi.

Shi ya sa da abokiyar aikinta, wadda ake kira 'Yar Gayu, ta raɗa mata cewa ɗan ɗumi yana sa cuku nuna da wuri, Auta ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta kwashi rabin cukunta daga ɗakin sanyi ta mayar ɗaki mai ɗumi, don ta riski zaman ɗanɗano na wannan zangon. Yarinyar da ta san karatun nan kamar yunwar cikinta! Ta sani sarai zafi yana sa masu ɗacin su taru har su fi ƙarfin ƙwayoyinta, amma so ya sa ta kawar da kai.

Abin da ya fi ɗaga mata hankali, shugaban masu ɗanɗanon ba kowa ba ne illa shi wanda take so ɗin.

Mai Harshe ake ce masa a sashensu na jami'a. Mutum ne da ba ya shafa turare ranar aiki, ba ya shan shayi da safe, ba ya kusantar barkono, duk don kada harshensa ya ruɗe. Ana yi masa tsiya cewa ko madara ta yi niyyar lalacewa jibi, shi yau zai ji.

Ta same shi a bakin famfo yana wanke ƙananan farantai. Yana ganin idanunta ya rufe ruwan.

"'Yar Madara, wa ya taɓa min ke?"

Ta gaya masa komai. Ya saurara bai katse ta ba, bai kuma ce ai ga irinta nan ba. Sai ta matso, ta rage murya. Dokar zaman ita ce a yanka cukun kowa a faranti mai lamba, masu ɗanɗano ba su san na wa suke ci ba. 'Yar Gayu ce mai rubuta lambobin, kuma ɗazu ta faɗa wa Auta tata, wai don zumunci.

"Nawa shi ne mai lamba..."

"Kada ki faɗa."

"Don Allah, masoyi. Kalma ɗaya ce kawai. Idan ka ce babu ɗaci, sauran ba za su musa maka ba."

"Kada ki faɗa min, Auta."

Rabon da ya kira ta Auta har ta manta. Ta tambaye shi ko ya san abin da Abba zai yi, ya ce ya sani, shi ma ƙirjinsa kamar ana daka a ciki. Ta ce to ashe harshensa ya fi ta daraja. Ya ci gaba da goge farantin da tuni ya bushe.

Washegari ta zauna a bayan gilashi tana kallonsu, kowa a ɗan lungunsa da kofin ruwa. Farfesa, mai kula da bincikenta, yana tsaye ya harɗe hannu. Ta ga an ajiye masa farantinta, ta ga ya gutsura ya lumshe ido. Ya daɗe yana tauna, fiye da yadda ya saba.

Ya gane nata ne. Ta ga hakan a yadda kafaɗunsa suka sauka.

Da Farfesa ya tambaye shi, bai ɗago kai ba.

"Wannan yana da ɗaci, ranka ya daɗe. Sosai."

Auta ba ta san yadda ta kai gida ba. Ta kashe waya, ta shige ɗaki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Mama ta zauna bakin gado tana shafa bayanta tana faɗa, wai wane irin so ne wannan, mutum ya kunyata ki a gaban jama'a a kan abin da bai kai loma ba. Abba kuwa ko gezau bai yi ba. Ya ce dama ya faɗa, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Shirun nasa ya fi faɗan tsorata ta.

Da ta koma sashen, Farfesa ya kira ta ofis. Ta shiga, ta riga ta saddaƙar korarta za a yi. Ya sa ta zauna, ya ce tun kafin zaman wata ta zo ta tsegunta masa cewa Auta ta san lambarta kuma ta haɗa baki da shugaban masu ɗanɗano. Saboda haka shi da kansa ya ɗanɗana cukun tun da sassafe, ya ji ɗacin, ya tsaya ya ga abin da za a ce.

"Da ya ce babu ɗaci, da ke da shi duka kun bar sashen nan," in ji Farfesa.

Sanyi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ba sai an faɗa mata sunan mai tsegumin ba. Sai yanzu ta tuna yadda 'Yar Gayu ke gyara zaman mayafi duk lokacin da Mai Harshe ya shigo.

Farfesa ya yi mata faɗa son ransa a kan gaggawa, sannan ya tambayi rabin da ta bari a ɗakin sanyi. Ta ce yana nan. Ya ce to ta koma ta kula da shi har zango mai zuwa, kuma idan ta sake taɓa ma'aunin zafin nan zai sa a ɗaure mata hannu.

Watannin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Kullum tana juya dunƙule-dunƙulen nan, tana goge su da ruwan gishiri, tana tsoron kai su baki. Mai Harshe ya janye kansa daga zama na gaba don kada a sami abin faɗa. Idan suka haɗu a baranda sai ya gaishe ta ya wuce, ita kuma kunya ta hana ta tsayar da shi. Tana kewarsa ƙwarai, tana kuma tsoron ya riga ya fitar da ita daga ransa tun ranar da ta roƙe shi ya yi ƙarya.

Zama na biyu ya zo, cukun ya wuce lafiya, Farfesa har da neman ƙari. Ta fito da gudu tana dube-dube, amma ba ta ga Mai Harshe ba. Murnar ta koma mata ciki. Ta naɗe ɗan yanki a takarda ta nufi gida jiki ba ƙwari.

Takalmansa ta fara gani a ƙofar falo.

Yana durƙushe a gaban Abba, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ta maƙale a jikin labule, zuciyarta na bugawa. Abba ya rage muryar rediyo, ya kalle shi ta saman tabarau.

"Kai ne ka kayar min da 'ya?"

"Ni ne, Abba."

"Ka san nata ne?"

"Tun a loma ta farko na sani."

"Ka kuma san abin da na ce zan yi?"

"Na sani. Amma yana da ɗaci, Abba."

Abba ya waiga wajen labule. Can ya ɗaga murya ya ce mai laɓe a bayan labule ta fito, ai ƙafafunta sun tona ta. Ta fito kanta a ƙasa, ta durƙusa, ta gaya masa cukunta ya wuce lafiya. Ya dubi ƙunshin da ke hannunta, ya ce ta miƙa wa baƙon, shi bai yarda da bakin kowa ba sai nasa.

Ta miƙa wa Mai Harshe. Ya gutsura, ya lumshe ido, ya yi ta tauna. Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Auta ta ji ƙwalla ta cika mata ido, don ta san idan akwai ko ɗigon ɗaci, mutumin nan zai faɗa, ko da a gaban Abba ne.

Ya buɗe ido, ya dube ta a karon farko cikin watanni.

"Ya nuna, 'Yar Madara."

Abba ya mayar da tabaransa daidai, ya miƙa hannu a sam masa shi ma.

"To," ya ce, yana tauna, "ka turo manyanka."