Wawan da Bai Hau Tsani Ba

"Ba zan rubuta haɗari ba, ranka ya daɗe."

DPO ya ɗago kai ya dubi Insifekta Suwaiba. "Yaro ya faɗo daga tsani. Malaminsa, Dakta Umara, ya shaida mini, kuma tare muka taso da shi. Sunanki yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma bana. Ki tuna."

"Sai na ga tsanin," ta ce. Ta ƙame, ta sara masa, ta fita.

Gawar tana wani tsohon ɗakin taro a unguwar Wulari, inda ɗaliban jami'a suke gwajin wasan kwaikwayo. Wasan ba shi da rubutaccen labari, su da kansu suke ƙirƙirar sa da rawa da barkwanci. Yoila, ɗalibin ajin ƙarshe, shi ne wawan wasan. Yana kwance a gindin tsani, fuskarsa fara fat da kwalliya, jan hancin roba ya koma gefen kunnensa.

Suwaiba ta tsuguna wajen ƙafafunsa. Takalman wasa ne, kowanne ya ninka ƙafarsa tsawo. Ta cire ɗaya ta ɗora a matakin tsanin. Ya zame ya faɗi.

"Da wannan ba a hawa tsani, Saja," ta ce wa ɗan sandan da ya rako ta.

A kumatun hagu na mamacin akwai sawun yatsu cikin farar kwalliyar.

Ɗaliban sun jeru a jikin bango. Mai jagorantar wasan ita ce Ekwutosi, 'yar wani mai shago a Kasuwar Kwastam, haihuwar Maiduguri.

"Me kuke shafawa a fuska?"

"Farar ƙasa da man kaɗanya, Madam. Ruwa ba ya fitar da ita."

"Wa Yoila yake kwaikwayo?"

"Ba kowa."

"Ƙanwata, ban zo wasa ba, amma wasan nake so in gani. Ku yi mini."

Aka kaɗa ganga. 'Yan mata suka yi da'ira suna rawa, Ekwutosi ta shiga a madadin Yoila. Ta tura ƙofar da babu ita da diddige. Ta hura zoben da babu shi, ta goge shi a ƙirji. Sannan ta zagaya masu rawar tana lashe baki, duk wadda ta nuna sai ta daskare.

"A nan ake dariya," ta ce da gangar ta tsaya. Babu wanda ya yi.

"Daga ina wannan ya fito?"

"Dokar wasanmu ce kowa ya kawo tafiyar mutumin da ya taɓa ba shi tsoro. Wasu sun kawo ta waɗanda suka kore su daga ƙauye. Ni wannan na kawo, na koya wa Yoila. Aka ce mu cire, na ƙi. Jiya da la'asar muka tashi, Yoila ya tsaya ƙara gwaji."

"Wa ya ce ku cire?"

Ekwutosi ta dubi ƙasa. "Takardar kammalawata tana hannunsa, Madam."

Dakta Umara ya karɓi Suwaiba da Saja a ofishinsa da fara'a. Suna shiga, ya tura ƙofa da diddige.

"Allah ya ji ƙan yaron," ya ce. "Jiya ban je Wulari ba. Yau ma daga bakin ƙofa na tsaya."

"Ba ka taɓa shi ba?"

"Ko kusa."

Ya hura zoben azurfar da ke hannunsa na dama, ya goge shi a ƙirji.

"Ba ni zoben nan, Dakta."

Ta kai shi bakin taga. Cikin zanen azurfar akwai fari maƙale. Ta ƙwaƙulo shi da farce, ta murza.

"Alli ne," ya ce. "Ni malami ne."

"Alli ba ya maiƙo."

Ya daɗe yana kallon yatsanta, sannan ya zauna.

"Na je in ce ya daina. Sai ya tsaya a gabana yana kwaikwayona, har zoben. Na mare shi, na hankaɗa shi, ƙeyarsa ta bugi bakin dandamali. Ni na jawo tsanin kusa da shi."

Saja ya sa masa ankwa. Aka wuce da shi ta gaban ɗalibansa.

Bayan Sallah aka yi wasan, Ekwutosi ce ta sa takalman, ba a cire komai ba. Abokan Dakta suka riƙe sakamakonta, ba ta kammala da 'yan ajinta ba. Suwaiba kuwa ba ta ga wasan ba. An cire sunanta daga ƙarin girma, aka mayar da ita shingen binciken motoci a bayan gari. Har yau tana can cikin rana, tana ɗaga wa direbobi hannu.