Farar Ƙasar da Injin Ya Haɗiye

Almuru ne, a wata unguwa bayan kasuwa a birnin Puebla. Don Fulgencio ya sauke ƙofar shagonsa rabi, yana goge baƙin mai daga hannu, lokacin da wani inji ya tashi da kansa.

Injin zuƙe ƙura ne, ja mai doguwar mesa, wanda wata mata ta kawo tana cewa ya shaƙe. Fulgencio ya yi furfura yana sayar da irinsu yana gyarawa, har ya rubuta a bango cewa zamanin tsintsiya ya wuce. Ya bi wayar da ido, a hankali, har ƙarshenta. Tana naɗe a kan ƙusa, nesa da soket.

Injin ya ja numfashi kamar tsoho mai ciwon ƙirji, ya yi shiru. Sai tsakuwa ta soma sauka a kan kwanon gidan, ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa.

"Yaran makwabta ne," ya ce wa matarsa Herlinda, wadda ta leƙo riƙe da ludayi.

"Su suka kunna maka injin ma?"

Ya ɗauki sukundireba.

Kullum rana ta karkata haka ake yi. Ya sauya kwayil, ya sauya makunni, ya cire fanka ya ajiye a aljihun tebur, duk da haka injin ya yi numfashinsa. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan: a duniyarsa kowace matsala tana da waya ko noti, wannan kuwa ba ta da wurin kamawa.

Daga nan abin ya koma kan 'yarsu Maribel, wadda ke taya shi aikin shago. Ta daina cin abinci. Da almuru sai ta je gindin lemun tsamin da ke tsakar gida ta miƙe a ƙasa, hannuwa a ware, ƙafafu a haɗe, ido a buɗe. Likita ya ce lafiyarta ƙalau. Makwabta suka ce aljanu ne. Ita kuwa sai ramewa take kamar kyandir.

"Ka gyara na kowa," in ji Herlinda, "ka kasa gyara naka. Gobe zan kira Doña Cleofas, in ka ga dama ka haɗiye sukundirebarka."

Doña Cleofas ce ke jan addu'a a gidajen makoki na unguwar, kuma babu jinyar iska da ba a kira ta ba. Ta zo rana na faɗuwa, da turare a kasko. Ta dubi yarinyar da ke kwance, sannan ta daɗe tana duban gindin bishiyar, wanda aka shafe fari fat har zuwa gwiwa.

"Ina kuka samo farar ƙasar nan?"

"A jakar jan injin nan," in ji Fulgencio. "Ita ta toshe shi. Na ga asara ne a zubar, na ce Maribel ta kwaɓa ta shafa wa lemun saboda tururuwa."

Tsohuwar ta rufe ido. Ta durƙusa kusa da kan yarinyar, ta busa hayaƙi.

"Wane ne kai, bawan Allah?"

Bakin Maribel ya buɗe, amma muryar ta dattijo ce, mai kauri da gajiya.

"Anacleto mai burodi."

Herlinda ta zana gicciye a ƙirjinta. Watan jiya aka binne shi.

"Me ya hana ka tafiya?"

"Ba a ɗaga ni ba. Sun zana gicciyena da farar ƙasa inda aka kwantar da gawata. Kwana tara ake jira, a share shi da sabuwar tsintsiya, daga kai zuwa hannuwa zuwa ƙafa, a kai kabari. Surukata ta ce ƙura na sa jikana tari. Ta ja wannan abu mai ihu ta bi ta kaina. Ranar tara suka zana sabo suka share, kowa ya sha shayi ya watse." Muryar ta yi tari. "Ni kuwa ina cikin jaka da gashin kare."

"Yarinyar nan ba ta sani ba. Ka sake ta."

"Ita ta kwaɓa ni da ruwa. Ita za ta raka ni."

Fulgencio ya yunƙura, Doña Cleofas ta tare shi da hannu.

"Anacleto, ka yi shekaru kana ba wa yarinyar nan gyaran burodi. Yau ita za ka ɗauka? Ka nemi wani abin."

Tsakuwa ɗaya ta gangaro daga kwano.

"To, uban ya ɗaga ni da hannunsa. A durƙushe, da tsintsiya."

"Na yarda," in ji Fulgencio.

"Na san ka, mai injuna. Na karanta bangonka."

Herlinda ta aro sabuwar tsintsiya a makwabta, don a gidansu babu ko ɗaya. Fulgencio ya durƙusa ya kankare bawon lemun da wuƙa, yana share garin cikin ƙaramin akwati, Doña Cleofas na jan addu'a. Gwiwoyinsa suka yi tsami. Da ya gama ya dubi 'yarsa. Tana nan yadda take.

"Na share duka," ya ce. "Me kuma ya rage?"

"Tsakiyar gicciye," in ji muryar. "Wurin zuciya. Ba ta shiga jaka ba."

Fulgencio ya tsaya cak. Ya san farar ƙasa: lallausarta na ratsa jaka, ta ratsa matacin ƙura, ta maƙale inda ido ba ya kai. Ya shiga shago ya ɗauko jan injin, ya kwance shi noti bayan noti har can ciki, wurin da ya sha dubawa yana neman waya. A bayan gurbin fanka akwai farin gari, bai fi cikin cokali ba. Ya miƙa hannu ga buroshinsa, ya fasa. Ya ciro tsinken tsintsiya ɗaya, ya share garin a hankali cikin akwatin, ya rufe.

Maribel ta naɗe hannuwanta ta juya gefe.

"Mama," ta ce da muryarta, "akwai sauran wake?"

Washegari suka kai akwatin maƙabarta, iyalan mamacin na biye, surukar, wato matar da ta kawo injin, kanta a sunkuye. Da suka dawo shago ta matso tana tambaya ko injin ya gyaru.

"Ya gyaru, señora," in ji Fulgencio.

Ya miƙa mata shi, da tsintsiyar ɗaure a jikin mesar.