Koren Ɗigo

Ana ce masa Mai-dabara, shi ya raɗa wa kansa sunan. A gida yake aiki, yana amsa koken masu sayayya na wani kamfani ta kwamfuta. Ga ciwon baya, ga ƙafa na kumbura, ga shugabarsa da ta sa wa ɗigon da ke gefen sunansa a allon kwamfuta ido. Kore, yana aiki. Rawaya, ya gudu.

"Ya sake yin rawaya, ka nemi wani aikin," ta ce masa.

Sai ya ɗaure linzamin kwamfutar da zare a jikin fanka mai juyawa. Fanka ta juya, linzami ya motsa, ɗigo ya zauna kore.

"Masu digiri su zo su ɗauki darasi," ya ce wa matarsa.

"Allah ya shirye ka, Baban yara."

Ranar Talata ta kai yara gidan yayarta. Gab da magariba ya ɗaura zarensa, ya fita miƙe ƙafa. Yana kai bakin titi aka ɗauke wuta.

Ya ja tsaki. Fanka ta tsaya ke nan. Ya juyo da gudu yana duba waya.

Ɗigon kore ne.

Koke tara an amsa. Da sunansa. Har da irin gaisuwarsa.

Gidan duhu. Wani wari ya tare shi a ƙofa, kamar gashi ya ƙone. Daga ɗakin aikinsa ƙara ke fitowa.

Ƙas, ƙas, ƙas.

Ya tura ƙofa a hankali. Fanka shiru. Zaren ya tsinke. Farar rigar da yake ratayewa a kujera don taron bidiyo tana zaune, cike da kafaɗu. Yatsun da ke buga kwamfutar sun yi tsawo da yawa.

Wanda ke cikin rigar bai juyo ba.

"Koma yawonka," ya raɗa, da muryar Mai-dabara. "Kullum kana barin kujerar. Na zauna."



Kujera ta fara juyowa.

Ƙiiii.

Mai-dabara ya fizgi kwamfutar. Wani sanyi ya kama masa wuyan hannu. Ya kufce da gudu, ya bar takalmi ɗaya a ɗakin.

Yanzu a shagon wani tela maƙwabcinsu yake aiki, cikin ƙarar keken ɗinki da surutun mutane. In zai miƙe ƙafa, sai ya nemi izinin shugabarsa. Shatin yatsu huɗu na nan a hannunsa. Ɗigon kuwa bai ƙara yin rawaya ba, ko kwamfutar na kashe.

Jiya shugabar ta kira.

"Aikinka ya yi sanyi. Ina ƙwazon nan na ranar Talata? Shi muke so. In ba za ka iya ba, ka faɗa."

Ya buɗe baki zai amsa.

A allon, ƙarƙashin sunansa, rubutu ya fito: "Zan iya, ranki ya daɗe."