Wandon da Aka Yi Ta Ragewa

Sai da ya karkata kafaɗa kafin ƙofar shagon ɗinkin ta ɗauke shi. A gidan motsa jiki Giwa ake kiransa, domin ƙarfen da yake ɗagawa sai mutum biyu sun kama. Wata budurwa kaɗai ya tarar a kan keken ɗinki, mahaifinta mai shagon ya fita sayen zare.

"Sannu da aiki. Wando nake so a buɗa mini," ya ce.

Ta juya wandon ciki waje, ta bi ɗinkin da yatsa. "An taɓa buɗa shi. Babu sauran yadi a ciki."

Ya sunkuyar da kai. Ya saba a yi masa dariya a irin wannan wuri, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

"Sabo zan ɗinka maka. Ni ba na awon maza, aikin Baba ne. Bar mini tsohon, da shi zan auna."

Ranar da ya zo karɓa, ya daɗe a tsaye bayan ya biya. Daga nan maɓallan rigunansa suka fara cirewa da kansu duk mako. Mahaifin ya gane, ya ce masa ya daina wahalar da riguna, ya zo gida a san shi. Giwa yana ce mata Telata, ita tana ce masa Giwana.

Ana cikin haka ta ga ya canza. Zai zo hira ya zauna shiru, ido a ƙasa, wani lokaci har gyangyaɗi. Ta ɗauka ya gaji da ita ne.

Shi kuwa ya daɗe yana jin jikinsa ba daidai ba: kasala, ɓacin rai babu dalili, ƙarfen da yake wasa da shi ya soma gagararsa. A wajen masu ɗaga ƙarfe, in ƙarfi ya ragu, ci ake ƙarawa. Ya ƙara ci, jikinsa ya ƙara nauyi, kasalar ta ninku. Da ya je asibiti, gwajin jini ya nuna sinadarin maza ya yi ƙasa a jikinsa.

"Ƙibar ce ta danne shi," in ji likitan. "Akwai allurar da ke ɗaga shi da sauri, amma tana iya tsayar da ƙwayoyin haihuwa. Kana son 'ya'ya?"

"Ina so, likita."

"To, fara da rage jiki, da barci, da tafiya. Hanyar tana da tsawo."

Ya kasa faɗa mata. Abokin atisayensa, Dogo, shi ya faɗa wa a ɗakin sauya kaya, bai san Dogo ya daɗe da sa ido a kanta ba. Kafin mako ya zagayo, maganar ta isa kunnen mahaifinta, an ƙara mata gishiri.

"Ba ƙinsa nake yi ba," in ji mahaifin, yana yanka yadi bai dube ta ba. "Ke kaɗai Allah ya ba ni. Ina son in ga 'ya'yanki kafin in mutu. Kuma mutumin da ya ɓoye wannan, me kuma zai ɓoye? Ya dakata da zuwa gida."

"To, Baba," ta ce. Ta ci gaba da taka keke, ɗinkin yana karkacewa.

Dogo ya sami Giwa a bakin bencin atisaye, ya tura masa 'yar kwalbar allurar nan cikin jaka. "Kai ma da sanyin jiki. Ka yi wannan, ka sake gwaji, ka kai wa tsohon sakamako mai kyau. Wa zai sani?"

Giwa ya kai kwalbar gida, ya ajiye a kan tebur, ya wuni yana kallonta. Da yamma ya rubuta mata:

"Telata, abin da aka faɗa wa Baba akwai gaskiya a ciki. Kunya ce ta rufe mini baki, ba gajiya da ke ba. Yanzu ga wata allura a gabana. In na yi, gwajina zai yi kyau, Baba zai yarda, amma wataƙila ba za mu haihu ba. In ban yi ba, zan daɗe, kuma ina tsoron wani ya riga ni."

Amsar ba ta jima ba:

"Giwana, shirunka ya fi ciwon yi mini zafi. Kada ka yaudari Baba da ni a tsakiya. Mayar masa da kwalbarsa. Ina nan a kan kekena, babu inda zan je."

Washegari ya ajiye wa Dogo kwalbar a kan benci, ya ce, "Na gode, riƙe kayanka."

Ya bar lemon kwalba da ciye-ciyen bayan atisaye. Ya riƙa tafiya wajen aiki a ƙasa. Ya rage farantan ƙarfen da yake lodawa, har yaran da ya koya wa suka wuce shi.

"Giwa ta koma ɗaga sandar tsintsiya," suke ce masa. Wannan ya fi yunwar ciwo, amma ya shanye.

An hana shi gida, ba a hana shi shago ba. Wata rana ya shigo da wandon nan da ta ɗinka masa, ya miƙa wa mahaifin da hannu biyu.

"Baba, a rage mini."

Tsohon ya karɓa, ya rage. Bayan wata biyu wandon ya dawo. Ya sake dawowa. Har aljihunan baya suka kusa haɗuwa. Ita tana ciki tana jin muryarsa, ba ta taɓa leƙowa ba.

A zuwa na ƙarshe ya durƙusa. "Baba, na koma asibiti. Sinadarin ya tashi sosai, ba da allura ba. Amma na tambayi likita ko zai ba ni tabbacin haihuwa, ya ce wannan ba a hannunsa take ba. Na ga gara ku ji daga bakina."

Mahaifin ya daɗe yana jujjuya wandon.

"Wannan ba zai sake raguwa ba, ya gama aikinsa," ya ce. "Ni ma da na auri uwarta ba wanda ya ba ni tabbaci." Ya ciro tef ɗin awo daga wuyansa. "Tashi. Ɗaga hannuwa. Rigar ango ba a ɗinka ta da tsohon wando."

A ciki, keken ya tsaya.

Ranar ɗaurin auren rigar ta zauna masa cif. Da za a tafi da amarya, mahaifin ya riƙe hannun ango, ya ce:

"Na bar ɗan yadi a cikin ɗinkin, ko girkinta zai maido ka. Kada ka bari a buƙace shi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka."

"Amin, Baba," suka ce tare, ita daga cikin mayafi.