Yatsan da Na'ura Ta Karɓa

Tun da ɓarayi suka yi yunƙurin kwashe bayanan marasa lafiya daga rumbun intanet, asibitin ya ɗauko wata Injiniya ta toshe kafar. Ta soke kalmomin sirri kaf, ta ce daga yau sai an danna babban yatsa a na'ura za a buɗe fayil.

Bayan isha'i tana ɗakin kwamfuta ita kaɗai, sai wani wari ya riga mai shi shigowa, irin na naman da ya kwana a mataccen firji. Dogo ne cikin farar rigar likita, ƙudaje na bin wuyansa duk da sanyin ɗakin.

"'Yar'uwa, na'urarki ta ƙi ni," in ji shi, muryarsa kamar ta mai kurkure baki.

"Ban san ka ba, Malam. Goge hannunka tukuna, don Allah!"

Bai goge ba. Ya danna yatsa a gilashin, ya bar wani maiƙo rawaya da ɓawon fata. Na'ura ta nuna ja. Injiniya ta toshe hanci da mayafi.

"Bari in gwada wani," ya ce.

Ya laluba aljihu kamar mai neman makulli, ya zaro yankakken yatsa, ya danna. Ja. Ya yar da shi a teburinta, ya zaro wani siriri mai tabon wuƙa a gefen farce.

Na'ura ta nuna kore, hoton Injiniya ya fito a allo. Sai a lokacin ta ji mayafin da ta dafe a hanci yana jiƙewa da ɗumin jini. Ta duba hannunta, babu babban yatsanta mai tabon wuƙa.