Wuyan Rigar da Ya Juya

Kifi kawai Sumie ta fita saye, rana na shirin faɗuwa a lungunsu na Osaka, a ƙasar Japan. Shekararta arba'in tana kwafar tsofaffin hotunan 'yan wasan kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na ƙasar, da hannu, mutane na saye suna ƙawata ɗakunan baƙi. Mace ce mai baki. Mai kifin ma sai ya shirya kafin ya gaishe ta.

Aikin da ta bari yana bushewa ba na sayarwa ba ne. Ƙanenta Tatsugoro ya shekara talatin yana fitowa a bawa ko ɗan aike, sai bana, da furfurarsa, aka ba shi matsayin jarumin wasa. Matarsa Harue ta kawo wani tsohon hoto na Genzaburo, wanda ya yi suna da wannan jarumin shekara ɗari da suka wuce, ta ce a kwafa, amma a sa fuskar mijinta.

Sumie ta dawo gida, tana cikin cire takalmi waya ta yi ƙara.

"Yaya, ya sake faɗuwa," in ji Harue. "Ana tsakiyar gwaji. Ya ce wani abu na shaƙe shi a wuya. Likita bai ga komai ba."

"Ki ba shi shayi, ki daina kuka a kansa kamar ya mutu. Jibi zai hau dandali."

Ta ajiye wayar. Ita kam ta san abin da Harue ba ta sani ba.

Ta ja ƙofar ɗakin aiki. Wari ya tare ta, na man da 'yan wasa ke shafawa kafin farar hoda, haɗe da turaren makabarta. Ta ɗaga ido ga hoton ƙanenta.

Wuyan rigar ya sake juyawa.

A al'adarsu, mai rai ɓangaren hagu na riga yake ɗorawa kan dama. Gawa kaɗai ake naɗe wa dama kan hagu. Ko yarinya mai koyon riƙe buroshi ba ta wannan kuskuren. Sau biyu Sumie ta gyara shi a makon nan, sau biyu Tatsugoro ya faɗi kafin na yau.

Daga bayanta aka buga katakon da ake ƙwanƙwasawa in za a buɗe wasa. Ƙwas. Ƙwas. Sai ya yi sauri, sai ya tsaya.

Tabarmar ƙasa ta lotsa, kamar mai nauyi ya taka.

"Nawa ne," aka raɗa mata a kunne. Numfashin sanyi ƙalau.

Ba ta juya ba. A gilashin taga ta ga Genzaburo: farar fuska, jan zane daga ido zuwa kunne, ido ɗaya ya karkace ciki. Tsohon hoton da ke kan tebur kuwa, takarda ce fara fat. Babu kowa a ciki.

Tsoro ya kama ta sosai, amma haushi ya fi shi yawa.

"Naka ne me?" ta ce a hankali. "Shekara talatin yana ɗaukar wa mutane takalmi a dandali. Kwana ashirin da biyar ɗin da za a yi ana wasan ne ba za ka iya bar masa ba? Tsoho da kai, ba kunya."

Ta tsoma buroshi, ta kai wuyan rigar ƙanenta.

Aka riƙe mata hannu.

Yatsu biyar, masu maiƙo. Sanyin ya ratsa har ƙashi. Buroshin ya faɗi.

A hoton, leɓɓan Tatsugoro suka fara yin shuɗi.

Nan ta gane gyara ba zai yi ba. Ta gyara sau ɗari, zai juya sau ɗari. Ta dubi farar takardar da ke kan tebur. Siffar Genzaburo ta san ta kamar tafin hannunta, ta kwafe shi ya fi a ƙirga.

Ta ɗauki buroshi da hagu, ta fara zana shi a kan farar takardar.

Layin ya fito a karkace. Ba ta damu ba. Kai. Kafaɗa. Riga mai ruwan shuɗi-shuɗi, irin wadda ake zana wa ɗan wasan da ya rasu.

Katakon ya ɓarke da bugu. Ƙofofin takarda suka hau karkarwa. Ta ji ƙashin hannunta na dama ya yi ƙas.

"Kada ki..."

"Kai ne ka mutu," ta ce, haƙora a cije. "Sa kayanka."

Ta ja wuyan rigar, dama kan hagu.

Shiru.

Warin kifi ne kawai ya rage a ɗakin. Fuskar Genzaburo ta koma kan tsohuwar takardar, jan zanen ya cika da kansa, bakin a buɗe. Rigar Tatsugoro kuwa tana nan yadda ta zana ta tun farko.

Tatsugoro ya yi kwanakinsa ashirin da biyar cur a dandali, muryarsa har titi. Sumie ta kalli wasan ƙarshe da hannu a ɗaure. Hannun bai sake ɗumi ba, bai kuma sake riƙe buroshi ba. Tana da shekara sittin da huɗu ta zauna koyon zane da hagu, tana zagin kowane layi.

Harue ta roƙe ta ta kai tsohon hoton wurin limaman haikali a ƙone shi da addu'a.

"A ƙone shi ya huta?" in ji Sumie. "Dandali yake so, ai na ba shi."

Ta buga ƙusa a bangon banɗaki, ta rataye shi yana fuskantar mazauni.